Ƙarfen da Iliyasu Ya Murɗa

Duk direban da ya taɓa kwana a tashar Konni da lodin albasa ya san gidan wankan Tanimun. Ba wani gini ne na a zo a gani ba. Ɗakunan kwano ne a jere bayan masu facin taya, da kwata mai gangarawa rami, sai wata ƙatuwar gangar ƙarfe tsaye a kan murhun bulo a tsakar fili. Amma ruwan da ke fitowa daga gangar nan, in sanyi ya sauko, har Sakkwato ana labarinsa. Mutum zai shigo a ƙudundune haƙora na kaɗawa, ya fito jiki na tururi yana neman wanda zai ja da gardama.

Tanimun mutumin Tajaye ne. Ya zo Konni cin rani ne a shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, da niyyar komawa gida da ruwan farko. Yau kusan shekara arba'in ke nan gonarsa tana hannun ƙannensa. Da ga-ruwa ya fara, sanda a kafaɗa da garwa biyu. A nan ya lura da yadda direbobi ke tsugunawa bayan mota da asuba suna watsa ruwan sanyi a jiki suna salati da ƙarfi, ba don tsoron Allah kaɗai ba. Sai ya sami tsohuwar tukunya ya girka a kan duwatsu uku, ya kewaye wani lungu da zana, ya fara sayar da ruwan zafi. Masu wanka sun samu, amma itace ya riƙa cinye wahalarsa, har ya fara tunanin komawa ga garwarsa.

A nan Iliyasu ya shigo cikin maganar. Iliyasu ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, ɗan gidan maƙera. Ya yi wasu shekaru a kamfanin siminti na Malbaza cikin masu gyaran ƙarafa, ya koyo walda, ya dawo Konni ya kafa rumfa a bakin hanya. Tun suna yara ba su taɓa faɗa wa juna magana a miƙe ba. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ba a taɓa yanke wane ne bawan wane ba, don duk tsohuwar da aka tambaya sai ta yi dariya ta kore su. Iliyasu ya taɓa tura Tanimun har Alela cin walimar auren da ba a ɗaura ba, ya je da sabuwar riga ya tarar da ango yana ban ruwa a lambu, ko budurwa ba shi da ita. Tanimun ya rama da baza labari a kasuwa cewa Iliyasu na neman makahon jaki zai saya da tsada. Sai da aka yi mako ana ɗaure masa jakai a ƙofar rumfa.

To wannan mutumin ne ya zo ya tsaya a kan tukunyar Tanimun, ya dube ta, ya tofar da yawu.

“Bawana,” ya ce, “kai da ka hura wuta, Konni duka ka ɗumama, ban da ruwan. Bari in yi maka abin kirki ko don kunyar innarka.”

Ya haɗa ganga biyu ya liƙe su ta zama ɗaya mai tsawo. Ya huda ta daga gindi zuwa kai, ya zura bututun ƙarfe ta tsakiya, yadda in an hura wuta a ƙasa hayaƙi zai bi ta cikin bututun ya ratsa tsakiyar ruwa kafin ya fita sama. Ya gina dakali mai matakala a gefe don a riƙa hawa ana zuba ruwa. Har nan Tanimun ya gane, ya kuma yaba a zuciyarsa, ko da yake da baki cewa ya yi ya ga aikin da ya fi wannan a hannun mata. Amma ranar ƙarshe sai ga Iliyasu da wani dogon ƙarfe mai faɗi, a murɗe tun daga sama har ƙasa kamar tufkar igiya, gefensa da 'yan harsuna da aka yanka aka tanƙwaro waje. Ya hau dakali ya zura shi cikin bututun, ya rataye shi a baki.

“Mine ne wanga kuma?” in ji Tanimun. “Ka yi ma hayaƙi hanya, kuma ka toshe ta?”

Iliyasu ya gyara tsayuwa, ya yi fuskar da yake yi in zai shara ƙarya. Ya ce, “Hayaƙi baƙo ne, bawana, baƙo mai gaggawa. In ka buɗe mai hanya sarai, wucewa zai yi da tsarabatai, ko sannu ba shi ce maka. Sai ka tare shi da gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina waɗanda ka baro. Shina juyawa shina amsawa, hat shi aje abin da yaz zo da shi.”

Tanimun ya yi dariya har ya riƙe ciki. Gaisuwa da hayaƙi! Ya ce lallai zafin siminti ya taɓa kan ɗan kawunsa. Bai kawo a ransa ko sau ɗaya cewa akwai gaskiya a ciki ba, kuma ba za a ga laifinsa ba, tunda bakin da ya tura shi Alela ne ya faɗa.

Abin da ya ƙara tabbatar masa shi ne kunkunniya. Ƙarfen nan tara baƙin hayaƙi yake yi ba kama hannun yaro. In aka bar shi mako guda sai wuta ta fara shaƙewa. Dole kowace Alhamis, bayan an ci kasuwar Laraba an watse, Tanimun ya kashe wuta, ya hau dakali, ya zaro ƙarfen, ya bi shi da tsumma daga kai har wutsiya, murɗa bayan murɗa. Harsunan gefen suna yaga tsumma, suna yankar yatsa. Kafin ya gama ya koma baƙi ƙirin, idanu kawai ke haske. Kuma daidai wannan lokacin, ba fashi, Iliyasu zai rufe rumfarsa ya zo da kofin shayinsa ya zauna a benci, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana kallo.

“Sannu da aiki, bawa. Ka bar wani wuri can ƙasa.”

“Allah shi isa tsakanina da kai, maƙeri.”

Ya so ya jefar da ƙarfen tun a watan farko. Sai ya tarar Iliyasu ya riga shi, ya ɗaure shi da sarƙa ya liƙe a jikin ganga. Ana iya zaro shi, ba a iya tafiya da shi. Babu kuma mai waldan da zai yarda ya sa hannu a aikin Iliyasu a garin nan. Tanimun ya sa wa ƙarfen suna Mugunta, sunan ya bi shi, har direbobi kan tambaya, “Yau an yi wa Mugunta wanka?”

Waɗannan shekarun su ne Tanimun ke nufi in ya ce “lokacin da duniya ke kwance.” Kafin kiran sallar asuba ya hura wuta da ɗan itacen da bai fi runguma ɗaya ba, kafin a sallame ruwa ya tafasa. Direbobin Galmi, da dillalan shanu, da 'yan cin rani masu haramar ƙetare iyaka, kowa da sosonsa a hannu ana layi ana ba'a. Matarsa Zalika tana bakin ƙofa da kokonta da ƙosanta. Ruwan kuwa ba mai iya zuba shi a jiki sai an surka da na sanyi, don haka daga kowane ɗaki abin da kake ji shi ne, “Surki! A kawo surki!” Tanimun na gudu da bokiti yana dariya. Wannan kiran ya fi masa kowane kiɗa daɗi, ko da yake bai san haka ba sai daga baya.

Ba matafiya kaɗai gangar ta yi wa rana ba. Macen da ta haihu a unguwar, daga nan ake ɗibar mata ruwan wankan jego har ta yi arba'in, Tanimun bai taɓa karɓar ko sisi a kai ba. Da ruwan nan Zalika ta yi jegon ɗansu Abdulwahab da na ƙannensa. In an yi rasuwa ma nan ake aikowa. Tanimun kan ce gangarsa ta tarbi rabin unguwar, ta kuma raka rabi.

Shekara biyu da suka wuce, cikin bazara, ta raka Iliyasu. Ciwon kwana kaɗan ne. Tanimun da kansa ya surka ruwan, ya gwada da gwiwar hannu, ya ɗauka ya kai. Bai yi kuka ba. Da aka fito da makara ma sai da ya matsa kusa ya ce, “Ka gudu ke nan, bawa, ka bar ni da aikinka,” mutane suka yi murmushi, don an san hakkin taubashi ne. Amma Alhamis ɗin da ta biyo ya zaro ƙarfen ya goge shi tas, ya juyo zai yi Allah-ya-isa, sai ya ga benci babu kowa. Daga ranar ya tsani ƙarfen nan tsana ta gaske, irin wadda babu wasa a cikinta.

Bara da kaka gangar ta fara yoyo. An yi mata faci, ta ɓulle ta wani wurin, tsatsa ta gama cin gindinta. Abdulwahab, wanda yanzu magidanci ne mai babura uku na kabu-kabu a gari, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa.

“Baba, ka huta hakanan. Icce ya yi wuya, idonka ya gaji da hayaƙi. Akwai mai son wurin ga shi yi sito. Ka zamna gida, mu mu ɗauki nauyin.”

Maganar gaskiya ce, kuma cikin ladabi aka yi ta, shi ya sa ta fi ciwo. Tanimun ya san ma'anar zaman gida: tabarma a ƙofar gida, da carbi, da jiran wanda zai wuce ya gaishe ka. Shi da ya saba kowace asuba duk duniya ke zuwa wurinsa. Ya roƙi a ba shi sanyi ɗaya. Abdulwahab ya yarda zai yi masa sabuwar ganga, amma da sharaɗi: in sanyin bana ya wuce gidan wanka bai riƙe kansa ba, za a ba mai sito wurin. Tanimun ya ce ya ji.

Wanda ya yi aikin Awal ne, wani mai walda da ya kama tsohuwar rumfar Iliyasu haya, mutum mai hannu mai kyau, marar yawan magana. Ya zo ya auna tsohuwar gangar ciki da waje. Da ya kai kan murɗaɗɗen ƙarfen ya ɗaga shi ya juya, ya ce, “Baba, wanga hwa? In yi irinai?”

Tanimun ya daɗe yana jiran ranar da wani zai yi masa wannan tambayar. Ya ce, “Wanga muguntar wani maƙeri ce, Allah shi jiƙan shi. Ka yi mini bututu mai hwaɗi, sumul, ko tsinke kak ka sa ciki.”

Awal ya ajiye ƙarfen, tunda mai abu ya faɗi abin da yake so. Tsohuwar gangar kuwa, da sarƙarta da Muguntarta, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka jefa a mota. Tanimun ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana. Ya yi zaton zai ji daɗi, kuma ya gaya wa kowa ya ji.

Ranar da aka hura sabuwar ganga, wuta ta kama da wani irin ruri kamar mota ta hau tudu. Hayaƙi ya miƙe sama ɗoɗar, ko tari babu wanda ya yi. Alhamis ta zo, ya leƙa bututu, fes. Ya sa farar riga ya zauna a benci ya sha shayi, ya ce yau ya ci Iliyasu, sai dai kash, ba ya nan balle ya gani.

Matsalar ɗaya ce, ruwan ba ya zafi. Yana yin ɗumi, irin na randar da ta wuni a rana, daga nan sai ya tsaya. Tanimun ya ƙara itace. Wuta ta ƙara ruri, ta lashe runguma uku a lokacin da da take cin ɗaya, ruwa ya ɗan motsa kaɗan. Sanyi kuwa ya sauko da ƙarfinsa. Sajo, wani dattijon Bafulatani dillalin shanu da ya fi shekara ashirin yana wanka a nan duk ranar kasuwa, ya fito daga ɗaki yana rawar ɗari, ya ce, “Tanimun, wallahi nonon da anka tatso yanzu ya hi ruwanka zahi.” Aka yi dariya, Tanimun ma ya yi, amma ta ciki na ciki.

Ya ɗora laifin a kan itacen zamani, ya ce duk ɗanye ne. Ya ɗora a kan kaurin sabon ƙarfe. Ya ɗora a kan ruwan famfo. Har ya fara zargin ko wani ya yi masa baki. Layin asuba ya riƙa raguwa, direbobi suka koma dafa ruwansu a kan ɗan murhun gas a gindin mota. Wata safiya ya tsaya da bokitin ruwan sanyi a hannu yana jira, sai ya lura tun da aka kafa sabuwar gangar bai ji wani ya nemi surki ba.

Zalika ce ta warware zancen, kuma ta daɗe da sani ta yi shiru, don abin ya zo mata da sauƙi. Tun zamanin tsohuwar ganga takan rataye butarta ta ƙarfe a bakin bututu don ruwan alwala ya yi ɗumi. Da ta ga mijinta ya daina cin abinci, sai ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

“Malam, in hwaɗa maka wata magana kak ka yi hushi. Tun da anka yi sabuwar ga ban ƙara hura wutar shayi ba. Butar da nike ratayawa can bisa, da ɗumi kawai takai. Yanzu kahin in gama dama koko ta tahwasa. Jiya har ƙwai na dahwa. Wutar taka ba ruwa take dahwawa ba, sama take dahwawa.”

Tanimun ya ɗaga kai ya dubi bakin bututun. Ya tashi ya hau dakali, wuta na ci, ya miƙa hannu saman bakin bututun kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru in yana son ɗumama yatsu. Bai kai ga tsayar da hannun ba ya fizge shi, gashin damtsensa ya ƙone yana ƙauri. A da yakan bar hannunsa a wurin har ya gama gaisawa da mutum. Ashe duk zafin da ke fita yanzu ta sama, a da cikin ruwa yake tsayawa. Hayaƙin yana bin tsakiyar bututu ne a guje, gefensa kaɗai ke shafar ƙarfe, saura ya wuce da zafinsa. Murɗaɗɗen ƙarfen nan shi ke tilasta masa ya riƙa juyawa yana gogar jikin bututun, ya daɗe a ciki, ya bar zafin a inda ruwa zai sha.

Ya sauko ya zauna a matakala ta ƙasa. Muryar Iliyasu ta dawo masa har da yadda yake jan ta in zai yi tsiya: ina gajiya, ina gida, ina iyali. Mutumin nan ya faɗa masa gaskiya tsirara tun ranar farko, shi kuma ya yi shekara talatin da wani abu yana yi mata dariya. Kunya ta kama shi, da kewa, da wani haushi na cewa ko a kabari Iliyasu bai daina cin sa ba. Zalika ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta juya ta ci gaba da tuyarta.

Ya je wurin masu tsofaffin ƙarafa. Suka ce ai wannan lodin ya ƙetare iyaka tun tuni, ƙila ma an narke shi. Daga can ya wuce rumfar Awal, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman aure, ya ce a yi masa irin ƙarfen nan. Awal, Allah ya yi masa albarka, bai ce ai na tambaye ka ba. Cewa ya yi bai riƙe awonsa ba, tunda an ce ba a so.

“Murɗe shi kawai,” in ji Tanimun. “Murɗe shi ƙwarai, kak ka bar ma baƙon ga hanya ko kaɗan.”

Aka murɗe shi tamau aka zura. Washegari da asuba hayaƙi ya rasa ta inda zai bi, ya dawo ta bakin murhu ya cika fili. Wuta ta shaƙe ta mutu, masu shan kokon Zalika suka watse suna tari, ita kuma ta faɗa masa abin da ba za a maimaita ba. Ashe baƙon ma in ka tsare shi da gaisuwar da ta wuce kima, juyawa yake ya koma inda ya fito. Aka sassauta murɗar, wuta ta ci, amma ruwa ya tsaya a ɗuminsa na da, da ɗan ƙari kaɗan. Tsakanin toshewa da sakewa akwai wani wuri da Iliyasu ya sani, ya kuma tafi da shi.

Sanyi ya fara ja da baya. Wata rana da hantsi Abdulwahab ya zo da mai siton, suka zaga fili suna nuna inda ƙofa za ta kasance. Ba su yi da mugunta ba, sun ma gaishe shi da kyau. Tanimun na zaune da sabon ƙarfen a kan cinya, ya ɗauki tsumma yana goge shi don kawai hannu ya sami abin yi. Sai ya ji hannun yana tuntuɓe. Wuyan hannunsa na son ya juya a wani wuri, ƙarfen bai juya ba. Ya sake bi daga sama, ya rufe ido. Nan ma haka, hannun ya riga ƙarfen juyawa. Ashe hannunsa bai manta murɗar tsohon ƙarfen ba.

Bai jira baƙin sun tafi ba, ya saɓi ƙarfen ya nufi rumfar Awal. Ya ce a miƙe shi a sake. Awal ya hura wuta ya gasa ƙarfen, ya maƙe kai ɗaya, ya kama ɗayan da awartaki. In an murɗa an tsoma a ruwa ya huce, sai Tanimun ya rufe ido ya bi shi da tsumma.

“Nan ya yi sake. Ƙara kaɗan.”

A sake gasawa, a sake murɗawa.

“A'a, ka wuce. Hannuna ba shi juyawa da wuri hakanga. Can ƙasa kusa ga wuta ya hi sakewa, bisa ya hi matsewa.”

Masu wucewa suka tsaya kallon tsoho ido a rufe yana shafar ƙarfe, wasu na cewa tsufa ya zo. Da aka zo kan harsunan gefe, Awal ya tambayi inda za a yanka. Tanimun ya bi da tsumman a hankali, duk inda yatsunsa suka ɗage da kansu don gudun yanka, sai ya ce, “Nan.” Babban yatsansa na dama duk tabo ne, tabon Alhamis ɗin shekaru. Wuni guda suka yi, sallah kawai ke tashin su. Da rana ta yi sanyi ya bi ƙarfen daga kai har wutsiya, hannun bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya buɗe ido ya ce, “Shi ne.”

Washegari Laraba ce, ranar kasuwa. Ya hura wuta da runguma ɗaya. Ba ta yi ruri ba, ta ci a hankali da 'yar muryar nan tata ta da, wadda ya manta yana kewarta. Bayan an sallame sallah ya hau dakali ya miƙa hannu a bakin bututu, ya bar shi a wurin. Zalika ta taɓa butarta ta yi tsaki, ta tafi neman itacen shayi.

Mutum uku ne kawai suka zo, Sajo na cikinsu, don shi alkawari ne da shi ko ruwan ya zama ƙanƙara. Ya karɓi bokiti bai ko duba ba, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Aka ji ƙarar kwano, aka ji salati, sannan aka ji ihu har bakin titi.

“Surki! Kai Tanimun, kashe ni za ka yi? A kawo surki!”

Abdulwahab ya iso ke nan a kan babur zai kai wa mai sito amsa. Ya tsaya ya dubi mahaifinsa, wanda ke tsaye a tsakar fili ya kasa ɗaga ƙafa. Ya kafe babur ɗin, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokitin ruwan sanyi ya kai wa Sajo da kansa. Maganar sito ba a sake tayar da ita ba, kuma kafin sanyin ya ƙare labari ya kai Galmi.

Alhamis ta makon da ya biyo Tanimun ya kira Awal ya ce a ɗaure ƙarfen da sarƙa a liƙe a jikin ganga, kada wani wawa ya zo bayansa ya jefar. Da Awal ya tafi, ya kashe wuta ya hau dakali ya zaro shi, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya bi shi da tsumma murɗa bayan murɗa, wani harshe ya yanke shi a tsohon wurin. Da ya gama ya sauko, fuska duk baƙi, ya tsaya a gaban benci. Zalika na jin sa daga bakin ƙofa.

“To, maƙeri,” ya ce. “Ka ci. Ni ne bawan.”

Ya ɗan tsaya kamar mai jiran amsa. Sannan ya goge ido da bayan hannu, ya ƙara shafa wa kansa baƙi, ya koma ya mayar da ƙarfen cikin bututu.